Jawabin malamin lakwal kan ɗakin lafiya na ƙauyenmu

Dattawa, da ku ƴan ci-rani na Kano da Daura.

Kowace damina zazzaɓin sauro da tamowa kan cika likitar Magaria da yara. Tun 2006 gomnati ta yafe kuɗin maganin yaron da bai kai shekara 5 ba, amma kafin amalanke ya kai shi, ciwo ya ci ƙarfinsa. Saboda haka mu gina ɗakin lafiya nan gida. Allura kaɗai ba ta isa: sai da rijiya mai murfi, gidan sauro, kunun gyaɗa da zogale, da ungozoma mai horo. Ku aiko kuɗin siminti da kwano, mu kuma mu buga tubali. Kowane wata ma'aji ya karanta lissafi gaban jama'a. Allah ya taimake mu.