Hannun Jarin Nvidia da Sauyin Fasaha

Yanzu ta waya ma ana sayen hannun jarin kamfanonin Amurka, kuma sunan da ya fi yawo shi ne Nvidia, mai ƙera ƙwaƙwalwar sarrafa hotuna a kwamfuta. Ƙirƙirarriyar basira ce ta kai darajarsa dala tiriliyan 1 a 2023.

Ni dai ba zan ce manomi ya zuba kuɗin albasarsa duka a nan ba. Dalili kuwa, kamfanin 3dfx, shi ma mai ƙera ƙwaƙwalwar sarrafa hotuna, ya yi tashe a shekarun 1990, da fasaha ta sauya ya durƙushe, Nvidia ya saye kadarorinsa. A Janairun 2025 kuwa, fitowar manhajar ƙirƙirarriyar basira ta DeepSeek daga China ta zaftare wa Nvidia kansa kusan dala biliyan 600 daga darajarsa cikin yini guda.