Layin Rigakafi Ba Ƙaddara Ba Ne

 

Watan jiya na raka yayata daga ƙauyenmu na ƙasar Kalfu zuwa wani gidan likita, don a yi wa ɗanta rigakafi. Mun isa ƙarfe takwas, ba mu fito ba sai azahar. A hanya ta ce mini: "Ƙanena, in haka abin yake, ban komowa." Maganar nan ta tsaya mini a rai, domin allurar penta sau uku ake yin ta, a sati 6, 10 da 14, ga kuma ta baƙon dauro a wata tara. Uwar da layi ya kora, ɗanta ne zai biya.

To, layi ma yana da lissafinsa. Wani masani ɗan ƙasar Danmak, Erlang, shi ya fara shi a 1909, yana nazarin cunkoson kiran tarho a Kopenhagen. Darasin bai da wuya: saurin layi yana hannun matakin da ya fi kowane nawa.

Ran nan ina zaune ina kallo. Allurar kanta ba ta daɗewa, wajen rubutu a karne da rajista ne munka maƙale. Mu ɗauka allura minti 2 ce, rubutu minti 5, kuma mata 60 sun zo lokaci guda. Ta ƙarshe awa biyar za ta yi. A ƙara mai rubutu guda ɗaya tak, jiran nata ya koma awa biyu da rabi.

Kada mu ɗora wa ma'aikata laifi duka. Kwalbar BCG ta yara 20 ce, in an haɗa ta kuma, bayan awa shida sai zubarwa. Shi ya sa suke jira yara su taru.

Ga abin da nake roƙo. Ranar rigakafi mai zuwa, mu je mu biyu biyu, da izinin majo. Mu duba agogon waya, mu rubuta lokacin isowar kowace uwa da na fitarta. Mu kai wa kwamitin COGES, tare da shawara uku: a ƙara mai rubutu, a raba lamba tun a ƙofa, a fara da matan ƙauyukan nesa, na cikin gari su zo da hantsi.

Yayata dai na lallashe ta, za mu koma. Wa zai zo mu ƙirga tare?