Zayyanar da ke gefen shafi: jawabi ga matasanmu na Timia

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da iyalansa da sahabbansa.



Tambaya zan fara yi muku: wane ne a cikinku ya taɓa kwance gafakar kakansa, ya duba abin da ke ciki? To, wanda bai yi ba, ya je ya nemi izini ya yi. Zai tarar da takardu warwara, ba ɗinki, an haɗa su cikin bangon fata. A gefen rubutun kuma ga zane: da'ira cikin da'ira, saƙa kamar ta tabarma, da ja da rawaya da baƙi. Wannan shi ake kira zayyana.

Kada ku ɗauka ado ne kawai. A Alƙur'ani rubutun hannu, zayyana ita ce alamar hanya. Hizbi sittin ne, kowane hizbi an raba shi sumuni takwas, kuma zanen gefe ne ke gaya wa mai karatu ga sumuni, ga rubu'i, ga nusufi, ga wurin sujada. A cikin layi ma launi na da aikinsa: baƙi na baƙaƙe, ja na wasula, rawaya na hamza. A Dala'ilul Hairati na Shehu Jazuli, masu zayyana kan cika shafi guda da zanen Rauda mai tsarki. Turawan da can, a littattafan almararsu, sukan cika gefe da mahaya da dodanni. Namu malaman ba su zana mai rai ba, sai suka zuba basirarsu a layi da kusurwa, irin wadda kuke gani a aikin fatar iyayenmu mata.

Da me aka yi? Da abin da ke kewaye da mu. Alƙalami daga kara aka fiƙe shi. Tawadar allo gawayi ce da ƙaro, shi ya sa take wankuwa. Ta takarda kuwa, ƴaƴan bagaruwa ake jiƙawa da kashin maƙera, ta kama takarda ta zauna. Takardar kanta, ɗaga ta wajen haske: sau da yawa za ka ga tambarin jinjirin wata uku. Daga Italiya take, ta ratso Sahara a bayan raƙumi. Ka ga ke nan, shafi ɗaya ya haɗa ɗan ayari da maƙeri da dukawa da malami.

Ƙasarmu ba baƙuwar littafi ba ce. A Agadas Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna gaban Malam Jibrilla ɗan Umaru. A 2013 UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan tarihin duniya. Amma hasumiya kowa na ganinta. Littafin da ke cikin akwati fa? Gara na cin sa, ɗigon damina na lalata shi, wani kuma ya sayar wa baƙo shafi ɗaya a kuɗin shayi. Abin da Assode ta zama, kango, bai yi mana nisa ba.

Saboda haka ga abin da nake roƙonku. Ku ɗaga littattafan daga ƙasa, ku nesanta su da laima. Kada ku manna yagaggen shafi da salatif, kada ku sake jera takardun in ba ku san bi-da-binsu ba. Ku ɗauki hoton kowane shafi da wayoyinku, har da gefensa. Sannan mutum biyu ko uku su je su durƙusa gaban dattijon da ya iya haɗa tawada, tun yana raye. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Mun iya haƙurin jiran lemu da rumman su nuna a garka. Irin wannan haƙurin zayyana take nema.

Allah ya jiƙan hannuwan da suka rubuta, ya ba mu ikon riƙon amana. Wassalamu alaikum.