Labarin zane: daga waya zuwa takarda



Maganarmu ta yau a kan labarin zane ce, wanda a lakwal ake ce wa BD. Yawancinmu a waya muke karanta shi. A sayi mega, a shiga Facebook ko Webtoon, yatsa na jan hoto sama har batir ya mutu. Abin da nake so mu duba shi ne amfanin tattara irin waɗannan zane-zane a buga su littafi.

Ba mu muka fara wannan tunani ba. A Japan, One-Punch Man ya faro ne a 2009 a shafin intanet na wani mai zane da ake kira ONE. A 2012 Yusuke Murata ya sake zana shi, aka shiga buga shi littafi bayan littafi. Lore Olympus na Rachel Smythe ya fito a Webtoon a 2018, a 2021 ya zama littafi. Nan kusa da mu, a Legas, Jide Martin ya kafa Comic Republic a 2013, yana sakin labaran jarumai kyauta a intanet. Roye Okupe kuma ya rubuta Malika, wadda ya samo daga tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau, kuma a 2021 kamfanin Dark Horse na Amurka ya ƙulla yarjejeniyar buga littattafansa. Ku lura, mutanen da ke da wuta dare da rana ma suna komawa ga takarda.

To, balle mu. Kun tuna watan Fabrairun 2021, bayan zaɓe, da aka yanke intanet ɗin waya kusan kwana 10 a ƙasar nan. Kun tuna Agustan 2023, da Najeriya ta yanke mana wuta. Wanda ke Tebaram ba ya ma buƙatar a tuna masa: ya san neman rezo, ya san biyan kuɗin cajin waya wajen mai sola. Kuma abin da ke intanet ba a hannunka yake ba. OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suka zuba littattafansu, ya rufe a Nuwamban 2023. Da shafi ya rufe, abin da ba ka ajiye ba ya tafi. Littafin da ke cikin akwatinka kuwa, sai dai gara ko ruwan sama.

Karatun ma ya bambanta. A waya hoto ɗaya kake gani, ka wuce, saƙo ya shigo ya ɗauke maka hankali. A littafi shafi biyu ne buɗe gabanka, ido na komawa baya ya ga abin da mai zane ya ɓoye a kusurwa. Sannan waya ta mutum guda ce. Wa zai bar wa ƙanensa wayarsa ya kwana da ita? Amma littafi ɗaya sai ya zaga fada, ya shiga aji, ya isa hannun yarinyar da ba a yarda ta riƙe waya ba. Yaron da ke jin tsoron dogon rubutu, hoto ne ke riƙe hannunsa har ya haɗa baƙi da baƙi.

Tun Maris 2025, kundin sake gina ƙasa ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa. Madalla. Amma me yaron Adar zai karanta da Hausar? Labari kam muna da shi. Akwai Sarauniya Mangu da yaƙin Lugu na 1899. Akwai tarihin Adar da Farfesa Djibo Hamani ya rubuta, wanda jami'ar Tawa ke ɗauke da sunansa. Akwai kokowa, akwai ɗan bida da ya tafi Abijan ya bar mata da yara, akwai rikicin rijiya tsakanin manomi da makiyayi.

Ga masu zane a cikinmu, ga yadda aikin yake. Zanen da aka yi don a ja shi sama a waya, sai an sake jera shi shafi-shafi. Ku ajiye asalin hoton da girmansa, don WhatsApp yana matse hoto, in an buga sai ya fito dishi-dishi. Ku tura shi a matsayin fayil. Baƙi da fari ya fi launi araha nesa ba kusa ba. Takardar A4 in an ninke ta biyu tana ba da shafi 4, ke nan takarda 8 ta isa ɗan littafi mai shafi 32.

Sai dai a kiyaye abu guda. Ganin zane kyauta a intanet bai mai da shi naka ba. Kada wani ya kwashi aikin mutane ya kai foto-kopi ya sayar. A nemi izinin mai shi, a sa sunansa a bango, a ba shi rabonsa. In mai zane bai ci guminsa ba, gobe ya ajiye alƙalami ya hau motar Abijan.

Shawarata ita ce, kowace fada mai mutum 20 ta haɗa jaka guda-guda. Jaka 20 ke nan. A nemi mai zane ɗaya na gida, a buga masa abin da kuɗin suka iya, a sayar da rabi, rabi kuma a kai lakwal ɗin Tebaram da ƙauyukanta a damƙa wa malamai. Wanda ke zane, ko ya san mai yi, ya tsaya bayan an tashi mu rubuta sunansa.