Uba da Ɗa a Fagen Gudu: Jawabi ga Magidantan Ikara, Maƙarfi da Kudan



A zamanin da, mutumin ƙasar Zazzau bai san wani abu wai shi gudun motsa jiki ba, domin ba ya bukatarsa. Manomi ya kan taka daga Hunƙuyi zuwa Zariya da ƙafa, ya ci kasuwa, ya komo kafin almuru. Samari su na langa da tsere a dandali, manya su na farauta da rani. To, yau babur ya shiga kowane lungu. Magidanci ya kan hau shi ko da daga ƙofar gida ne zuwa masallaci, ya yini zaune a shago ko a ofis, ya sha shayi mai sukari safe da yamma. Shi ya sa hawan jini da ciwon sukari, waɗanda da a ke cewa cutar masu kuɗin birni ce, su ka iso har ƙauye. Hawan jini kuwa ba ya sallama. Sau da yawa mutum ba ya sanin ya na da shi sai ran da ɓarin jikinsa ya shanye, ya bar iyali da jinya, gonar rake kuma ba mai duba ta.

A cikin shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara babban mutum ya motsa jiki minti 150 zuwa 300 a kowane mako, yaro kuwa daga shekara 5 zuwa 17 ya sami kamar minti 60 kowace rana. Gudu shi ne hanya mafi araha, ba ya bukatar ƙwallo ko ƙungiya. Abebe Bikila, mutumin Habasha, ba takalmi a ƙafarsa ya ci tseren kilomita 42 a birnin Rum cikin 1960. Ba a ce kowa ya yi haka ba, don akwai ƙaya da kwalba a hanya, amma takalmin roba mai laushi wanda bai matse yatsu ba ya wadatar.

Abin da ya fi wuya shi ne ɗorewa. Wanda ya ke fita shi kaɗai, ran da sanyi ya tsananta sai ya ja bargo. Amma uban da ya yi wa ɗansa alkawari, ya tarad da yaron tsaye a zaure ya na jiransa, kunya ba ta barinsa ya koma ya kwanta. A Amurka an yi wani uba, Dick Hoyt, wanda ɗansa Rick ba ya iya tafiya tun haihuwa. Cikin 1977 yaron ya roƙi uban su shiga wani tsere na mil biyar, uban ya tura shi a keken guragu har ƙarshe, alhali shi ba ɗan tsere ba ne. Daga nan ba su daina ba, sai da su ka yi babban tseren birnin Boston sau 32.

Lalle akwai masu cewa wannan bai dace da girman magidanci ba. Wani ya na tsoron surukansa su gan shi ya na gudu su ce ko lafiya. Wani kuma ɗan fari ne gare shi, wanda ko sunansa ba ya faɗi, balle su jera a hanya. Kunya abu ce mai kyau, ba mai neman a zubad da ita. Sai dai uban da ya ke zuwa gona da ɗansa, su kama kunya ɗaya su na noma, ba a taɓa cewa ya zubad da girma ba. Sa'an nan yaro mai shekara 13 ko 14, in bai sami abokin hira a gida ba, zai samu a bakin tasha, inda a ke sayad da ƙwaya. A kan hanyar gona, ba mai kallon idon wani, yaro ya kan faɗi abin da ba zai iya faɗi ba ya na durƙushe a gaban uba.

Ga yadda za a fara. Uban da ya haura shekara 40, ko mai ƙiba, ya fara zuwa asibiti ko ɗakin shan magani a auna jininsa. In ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, sai ya bi maganar ma'aikacin lafiya tukuna. Mako na farko tafiya kaɗai za a yi, da sauri, ta minti 20, kwana uku a mako da hutun yini a tsakani. Mako na biyu a yi sassarfa ta minti ɗaya, a taka minti biyu, a maimaita har sau bakwai. Haka za a riƙa ƙara gudun kaɗan kaɗan, a na rage tafiyar. Wanda ya yi haƙuri, cikin wata biyu zuwa uku zai iya kilomita biyar ba tsayawa. Inda ba abin awo, a zaga filin ƙwallon makaranta. Zagaye uku ya kai kimanin kilomita ɗaya.

Ma'aunin sauri shi ne magana. Muddin su biyun su na iya hira su na gudu, daidai ne. In numfashi ya hana magana, an yi gaggawa. Wanda ya fi rauni shi ne mai ja gaba. Da fari yaro zai so ya tsere wa uban, ya gaji tun kafin rabin hanya, sai a lallashe shi. Kada a zage shi, kada kuma a mai da gudun horo don ya yi laifi. Ƙaramin yaro wanda bai kai shekara goma ba, wasa da gajeren tsere sun ishe shi. Uwa da 'yarta su ma su na da rabo, ko a tsakar gida ko a filin makarantar 'yan mata.

Lokaci mafi kyau bayan sallar asuba ne, da gari ya waye har a na ganin ƙasa, domin gefen gonakin rake da fadamu ba a rasa maciji. Da bazara, watau Maris da Afrilu, kada a bari rana ta ɗaga, a kuma sha ruwa kafin fita da bayan komowa. Ran da ƙurar hunturu ta yi kauri, mai ciwon asma ya zauna gida. Da azumi sai a mai da shi tafiya bayan an sha ruwa. A nisanci babban titin Zariya zuwa Kano. In tilas ta sa a bi gefen titi, a fuskanci motocin da ke zuwa, yaro ya na ɓangaren daji.

In uba ya ji ƙirjinsa ya ɗaure, ko jiri ya ɗebe shi, ko zafi ya sauko masa a hannun hagu, ya tsaya nan take, a kai shi asibiti a ranar. Ya kamata tun fitar farko ya gaya wa yaron waɗannan alamu, da gidan da zai ruga ya kira mutane.