Hoto Ma Yana Buƙatar Isnadi

Shugaban taro, malamaina, iyayenmu dattawan Kasuwar Singa, ɗalibai maza da mata, barkanku da zuwa.

Kwanakin baya aka kawo mini wani kundin digiri in duba, a kan cinikin kayan masarufi a Kano. A tsakiyarsa ga hoto fari da baƙi, an rubuta a ƙasansa, "Kasuwar Singa a zamanin Turawa." Madogara kuwa, Facebook. Da na ƙura ido sai na hangi allo a ƙofar wani shago, an rubuta kuɗin sukari da naira. To jama'a, naira ba ta fito ba sai ranar 1 ga Janairu 1973, shekara 12 da 'yan watanni bayan samun 'yancin kai. Yaron da ya rubuta kundin ba maƙaryaci ba ne. Ya ga hoto ya kwana biyu, sai ya ara masa shekaru.

Mu da muka yi karatun zaure mun san ba a karɓar hadisi sai an ji wa ya ruwaito daga wa. Ba ina daidaita hoto da hadisi ba ne, amma tarbiyyar nan ta bin sawu ita nake so mu shigo da ita aji. Wa ya ɗauka, a ina ya tsaya, wace shekara, ina asalin yake ajiye, mece ce lambarsa? Wannan bai fi ƙarfinmu ba. Hotunan da Walter Mittelholzer, matuƙin jirgi ɗan Suwizalan, ya ɗauka a Kano a tafiyarsa ta Tafkin Chadi tsakanin 1930 da 1931 suna ɗakin karatun ETH a Zurich, kowanne da lambarsa. Na Eliot Elisofon na 1959 suna gidan tarihin Smithsonian a Amurka. Su ne dai ke yawo a wayoyinmu, an cire musu suna kamar marayu. A gida kuma ga Gidan Makama, ga Gidan Ɗan Hausa, ga Arewa House da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna.

Wani abin ma ba hoto ba ne. Birnin Kano daga kan Dala da ke cikin littafin Heinrich Barth, wanda ya zo a 1851, zane ne, a rubuta zane. Duk wanda kuwa ya nuna muku "hoton" Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ku tuna Shehu ya rasu a 1817, fasahar ɗaukar hoto ba ta bayyana ga duniya ba sai 1839.

Kada kuma ku ɗauka duk abin da Bature ya rubuta a ƙasan hoto yankan wuƙa ne. Sau da yawa abin da ya iya cewa kawai shi ne kasuwar 'yan ƙasa a Kano. Wacce? Kurmi ko Sabon Gari? Ku kawo rubutunsa yadda yake, sannan ku sa naku daban, mai karatu ya san inda maganarsa ta tsaya, taku ta fara. In ba ku da tabbacin shekara, ku rubuta "wajen", ku faɗi dalili. Hoton da kansa yakan taimaka. Layin dogo ya iso Kano a 1911, an kafa Sabon Gari a 1913. Motoci in suna bin hannun hagu, to kafin 2 ga Afrilu 1972 ne. Farashi in da fam da sule ne, kun san inda kuka dosa.

Saura ku, iyayenmu. Daga bakinku muka ji cewa sunan Singa ya samo asali ne daga kantin kekunan ɗinki na Singer. Irin wannan sanin ba ya Zurich, yana ƙirjinku. Gobarar Kasuwar Sabon Gari ta Maris 2016 ta nuna mana yadda wuta ke lashe abin da aka tara a dare ɗaya. Ina roƙonku, hotunan nan da ke cikin adaka da aljihun tebur, na buɗe shago da na ranar da aka yaye yaron gida, ku fito da su. Ku sa jikokinku su rubuta a baya da fensir: sunan kowa, layin da shagon yake, da shekara. Ku kuma ɗalibai, kafin ku sa hoton Singa a kundi, ku kai shi gaban waɗannan dattawa su duba.