Waya Da Alamun Damina



Wayar hannu ta fara yaɗuwa a Nijeriya a 2001. Yau manomi a Boɗinga ko Shagari ya kan ji labarin ruwa ta waya. Wannan abu ne mai amfani, amma akwai abin lura.

Iyayenmu sun san damina ta matso in shamuwa ta dawo ta fara sheƙa. Sun san gawo ya kan zubar da ganye in damina ta kama. Su kan dubi gabas su bambanta hadarin ruwa da na ƙura. Yanzu samari da yawa sun sunkuya kan waya, ba su duban sama.

Ga illar abin. Waya ta kan ba da labarin ƙasar Sakkwato gaba ɗaya, alhali a kan yi ruwa a Boɗinga, Shagari ko ɗigo. Wanda ya shuka gero ƙasa ba ta jiƙa ba, ya yi asarar iri.

To, ku saurari waya, amma kafin shuka ku tona ƙasa ku ga inda laima ta kai. Ku tambayi tsofaffi alamun damina. Tun da kun iya rubutu, ku rubuta su domin 'ya'yanku.